Munduwar Inna da Na Bi Har Zugu

Mu shida ne a tsakar gidan ranar da aka yi maganar. Akwai Yaya Asana, ɗiyar yayan mahaifiyata, wadda gidan yake nata. Akwai ɗana Bala da ke zaune a Parakou, da matarsa Fusena. Akwai Alfa Musa, limamin masallacin unguwar, da Idirisu maƙerin fari, mai aikin azurfa. Sai ni, Kulu. Na fara da sunayensu ne don in wata ta ga kamar na ƙara gishiri, ga waɗanda za ta tambaya, duk suna raye.

Tun da na dawo Jega ban ci abinci da zafinsa ba. Wannan ta shigo sannu da zuwa ta ce yaya ƙasar Benin, waccan ta kama hannuna tana juyawa. Na gaji da maimaitawa. Ni ban yi boko ba, ban san yadda ake riƙe biro ba, shi ya sa na zaunar da maƙwabciyata Malama Binta, ina faɗa tana rubutawa. Na ce ta gyara Hausar yadda za ta karantu, amma kada ta taɓa labarin.

Mahaifiyarmu, Inna, ba 'yar Jega ba ce. Daga Djougou ta ƙasar Benin Baba ya auro ta lokacin yana fataucin goro, garin da ita take kira Zugu, ni ma haka nake kiransa. Ta zo da munduwa ɗaya mai kauri a hannun dama, ba ta taɓa cire ta ba har ranar da aka yi mata wanka, ba ta kuma taɓa komawa gida ba. Mu biyu ta bari, ni da ƙanena Garba. Ta bar gona a bayan gari da wannan munduwa. Masu rabon gado suka ce Garba kashi biyu, ni kashi ɗaya, a gonar da munduwar duka. Na ce ba za a sayar da munduwar Inna ba. Na bar wa Garba kasona na gona, ya bar mini nasa na munduwa. A lokacin gonar fako ce, kowa ya ce na yi wayo, na kwashe azurfa na bar shi da tsakuwa. Yau shekara talatin da 'yan kai. Gari ya bi gonar ya cinye ta, Garba ya yanka ta fuloti-fuloti, inda kasona yake a da akwai gidan bene yanzu. Ban taɓa cewa komai ba, don ina da azurfata.

Bayan ƙaramar salla na kai ta wurin wani maƙeri a kasuwarmu ya wanke mini, don cikinta ya daɗe da yin ja, ni kuwa ina cewa lalle ne ya kama. Ya juya ta, ya goga a dutse, ya ce tagulla ce aka yi wa wankan azurfa. Na ce masa tun ubansa bai san wuta ba ake sa wannan munduwa. Na karɓi abata na tafi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ni da mata ke aikowa a kira in duba musu atamfa da kwanuka kafin su biya, a ce na ba da gona a kan tagulla? Na ce sai na je inda aka ƙera ta na ji daga bakinsu. In ta gaske ce, in dawo in wanke maƙerin nan tas. In ba ta gaske ba ce, to a nuna mini ta gasken, don ba a aurar da 'yar gidan fatake da tagulla. Na gaya wa mutane zan je ganin jikoki a Parakou. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi duka ba.

Na bi ta Kaoje zuwa Tsamiya, bakin iyaka. Masu canji na zaune a kan benci, kowa da damin kuɗi a cinya. Na ba da naira cike da jaka, aka miƙo mini sefa 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba. Na ƙirga sau uku, na sa wata mai sayar da busasshen kifi ta sake ƙirgawa. Ta ce daidai ne, ba a cuce ni ba, kuɗinmu ne ba su da nauyi. A wurin masu kaki aka nemi katin shaida da takardar rigakafi, Bala ya riga ya gargaɗe ni, na fito da su daga lalita. Mutumin ya yi mini Faransanci, na mayar masa da Hausa, sai ya yi murmushi ya amsa da Hausar da ta fi tawa zaƙi, har da tambayar mutanen gida.

A Segbana na biya kuɗin kujerar gaba, da ƙari a kai, saboda gwiwata. Na zauna na miƙe ƙafa ina godiya ga Allah. Mota na shirin tashi sai direba ya buɗe ƙofa ya ce in matsa. Wata mata ce ƙatuwa, da kaji biyu a kwando. Na ce masa ni gaba na biya. Ya ce ita ma gaba ta biya, a nan kujerar gaba ta mutum biyu ce, mai son zama shi kaɗai kuɗin biyu yake ba da wa. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Haka muka je Kandi, rabin jikina a kan giya, duk canjin da zai yi sai ya ce Hajiya ɗaga ƙafa.

Matar nan mai kaji ta zama mutuniyar kirki. Da muka isa Kandi rana ta faɗi, ita ta kai ni gidan wata da ke saukar da matafiya mata kusa da tasha. Ɗaki biyu ne, mai fanka da marar fanka. Na kama mai fanka. Wuta ba ta zo ba har na yi sallar asuba. Da safe na ce a mayar mini da bambancin, mai gidan ta ce fanka ta ba ni haya, kuma ga ta nan a rataye, wuta kuwa ba ita ke da ita ba. Na dube ta, ta dube ni. Na ga mace ce irina, na ɗauki jakata. Karin kumallonsu burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa sai mai haƙora. Sai da na jiƙa shi a shayi ya yi laushi.

A hanyar Parakou mota ta tsaya shan mai, mata suka yanyame mu da tallan zuma a kwalabe. Na ce in riƙe wa jikoki. Wadda na fara tayawa ta ƙi sauka ko kaɗan, na ce Allah ya ba da kasuwa. Ta biyu na matsa mata, ina ja tana bi, har ta sallama a rabin kuɗi. Na shiga mota ina jin daɗin kaina.

Parakou gari ne na babura. Masu haya ana ce musu zem, kowa da rigar aiki mai lamba a baya. Abin da ya tsayar da ni shi ne mata. Mace da goyo a baya, kwando a gaba, ita ke tuƙa babur ɗinta, ba mai waiwayarta. Na ga wata sa'ata da mayafi da carbi a wuya ta wuce mu a guje. A Jega da an yi mako ana zancenta. Gidan Bala a unguwar Guéma yake. Fusena, 'yar Dendi ce, ta tarbe ni tun daga ƙofa ta durƙusa har ƙasa, ba ta tashi ba sai da gaisuwa ta ƙare, kuma gaisuwarsu doguwa ce. Wannan na yaba. Hausarta kuwa rabi Faransanci ne, sai na riƙa tsintar abin da na gane. Ta kirɓa mini sakwara da miyar gyaɗa, da cukun Fulani wanda suke rina bayansa ja da karan dafi su soya. Su doya ce tuwonsu. Kwana uku na yi ina neman tuwon dawa, na huɗu na daina nema.

Na fito da zumar na ba Fusena. Ta buɗe, ta ɗiga a ruwan sanyi, ta ga ta watse nan take. Ba ta so ta faɗa, sai da na ce ta faɗa. Ta ce sukari ne aka ƙona aka zuba ɗan kaki a sama, kuma waccan matar da ta ƙi sauka, wataƙila ita ce mai ta gasken. Bala ya juya baya yana tari. Na ce in dariya ce ya yi ta a fili.

Washegari na bi shi shago. Kayan babur yake sayarwa. Na zauna a kusurwa ina kallon ciniki. Duk abin da aka tambaya sai ya fito da iri biyu, wani lokaci uku, kwalinsu ɗaya, rubutunsu ɗaya. Ya ce wannan na gaske ne, wannan kwaikwayo ne, zai kai ka wata uku. Yawancin masu zem na wata ukun suke ɗauka. Na ce masa ban haife shi don ya sayar da jabu ba. Ya ce ai yana faɗa musu, mutum ya san abin da ya saya, kuma wanda ke neman na yau ba shi da kuɗin na shekara. A nan na buɗe masa zancen munduwa. Ya tambaye ni ko na san sunan gidan kakannina. Na ce abin da na sani kawai, mahaifin Inna ana ce masa Salifu Madugu. Fusena tana da dangi a Zugu. Ta yi ta buga waya kwana biyu, aka ce gidan na nan a tsohuwar unguwar fatake, kuma akwai tsohuwa ɗaya da ta rage.

Mun kama hanya mu uku da hantsi, muka isa kafin azahar. Wannan karon Bala ya biya kujerar gaba ta mutum biyu. Unguwar lungu-lungu ce, masallaci a kowace kwana, tsofaffi a zaure suna amsa sallama da Hausa irin ta da, sannan su koma Dendi a tsakaninsu. Gidan babba ne, amma rabinsa ya zube. Aka kai mu wurin wata tsohuwa da ke zaune a tabarma tana tsince wake. Ta kai tamanin. Na durƙusa na miƙa hannu in gaishe ta. Ba ta dubi fuskata ba. Hannuna ta riƙe, ta shafa munduwar da babban yatsa.

"Wannan ta hanya ce," ta ce. "Ke 'yar Gwaggo Mariyama ce."

Sai ta janye mayafinta. A hannunta na dama akwai 'yar'uwar tawa, zane ɗaya, kauri ɗaya, sai dai tata fara ce sol, kuma ta nutse cikin tsoka har fata ta taso gefe da gefe.

Ita ce Yaya Asana. Mahaifinta yayan Inna ne, mu taubasai ne ke nan, kuma ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce shekara sittin da ɗoriya tana jiran baƙi daga Jega, ashe sai da suka tsufa suka koyi hanya. Ta ce na yi kama da Gwaggo, sai dai Gwaggo tana dariya. Ta tambayi rasuwar Inna, na faɗa mata, muka yi addu'a. Sannan ta aika a kira Idirisu maƙeri, wanda kakansa ne ya ƙera mundayen biyu, da Alfa Musa, don ta ce maganar da za ta yi tana son shaidu.

Ga abin da ta gaya mana. A gidajen fatake na Zugu, tun zamanin ayari, in za a aurar da 'ya zuwa nesa, mundaye biyu ake ƙera mata. Ta azurfa ita ce ta gida, amarya ta sa ta kwana bakwai na biki kowa ya gani. Ranar tafiya a cire, a sa mata ta tagulla mai wankan azurfa, ta hanya, don in 'yan fashi sun tare su kada a yi asara, kada kuma a sare hannu a kan abu mai tsada. Ta gidan tana nan a ajiye sai amarya ta dawo wankan haihuwar fari, sannan ta tafi da abarta. Inna ta haife ni da damina, hanya ta lalace, aka ce sai baɗi. Baɗi goro ya canza hanya, motoci suka ɗauke shi ta wani gefe, Baba ya daina zuwa. Daga nan kakanmu ya rasu, arzikin gidan ya bi shi. Da aka tashi aurar da Yaya Asana babu abin sa mata a hannu. Mahaifinta ya ɗauko ta ajiyar ya ce aro ne, ta gwaggonta ce, ranar da ta zo ko ta aiko a cire. Hannunta siriri ne a lokacin, aka sa maƙeri ya matse bakin don kada ta faɗi. Ba ta sake fita ba.

Idirisu ya zauna ya ɗauki magagari. Ya ɗan goga cikin tawa, ja ya fito. Ya ɗan goga gefen tata, fari ne har ciki. Ya nuna mini ɗigo uku a jere a jikin kowace, ya ce alamar kakansa ce. Ya ce ta hanya ba ha'inci ba ce, don wanda ya sa a ƙera ya sani, wadda aka sa wa ma ta sani.

Wannan ta ƙarshen ce ta soke ni. Na ce wato Inna ta sani. Ta ga muna goge ta da toka ranar salla, ta ji ina gaya wa ƙawayena uwata mai azurfa ce, ba ta taɓa buɗe baki ba.

"Ta gaya wa wa?" in ji Yaya Asana. "Mace ita kaɗai a garin mutane, ba uwa ba uba, ta tashi ta ce abin hannunta tagulla ne? Ke da kike da baki, da ke ce za ki faɗa?"

Ta ci gaba ta ce gobe da safe Idirisu ya zo da kayan aikinsa ya buɗe munduwar hannunta. Ta je Makka da ita, ta ce, a gaban Ka'aba ma tunanin kayan mutane take yi. Ba ta so a wanke gawarta da amanar wata a hannu. Na ji sanyi ya sauko mini. Na ce a raina, to, ga gonata ta dawo.

Sai a nan Alfa Musa ya tambayi 'ya'ya nawa marigayiyar ta bari. Na ce biyu, na kuma ba shi labarin rabon da musayar da muka yi, don ya san tawa ce ni kaɗai. Ya saurara har na gama. Ya ce musayar da muka yi a kan munduwar da ke gabanmu ranar ne, wadda muka gani muka taɓa, wato ta hannuna. Wannan ta azurfar ba ta shiga rabo ba, ba wanda ya san da ita, don haka gado ce sabuwa: kashi biyu na Garba, kashi ɗaya nawa. Na ce azurfa na saya da gonata, ba tagulla ba. Ya ce gaskiya ne, amma Garba bai ruɗe ni ba, shi ma azurfa ya ɗauka ya ba ni. In ina ganin an ci ni a waccan musayar, magana ce da zan tayar a gaban Garba a Jega, ba zan biya kaina da hannuna a Zugu ba.

Na yi jayayya, ban ɓoye ba. Na ɗaga murya a gidan mutane. Alfa bai ɗaga tasa ba, bai kuma sauya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da wata ce ta zo mini da wannan magana a Jega, abin da ya faɗa shi zan faɗa mata, har in ƙara da faɗa.

Bala ya matso kusa ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, Kawu Garba me ya rasa? Wa zai kai masa labari daga nan?"

"Tashi daga kusa da ni," na ce.

Na kore shi ne don ya faɗi abin da ke raina kafin in gama tunaninsa.

Na juya wurin Idirisu na ce ya ƙiyasta mini kuɗinta. Ya ɗaga hannun Yaya Asana ya auna da ido. Ya ce Hajiya ta yi haƙuri, azurfa ba zinariya ba ce. In nauyi za a bi, dukanta ba za ta sayi rago mai kyau ɗaya ba. Na sa ya maimaita. Ashe ko da ta gasken ce a hannuna tun farko, ba ta kai kusurwa ɗaya ta gonar ba. Shekara talatin ina tafiya da kai a sama, ina ganin na fi Garba dabara.

Alfa ya ce hanya biyu ce. Ko a yanka ta uku a kai wa kowa rabonsa, ko ɗaya ya sayi na ɗaya da yardarsa. Idirisu ya ce in an ce ya yanka zai yanka, amma ba da son ransa ba, don ba mai irin wannan zanen yanzu, kuma da zarar an yanka ta zama ƙarfen awo. Yaya Asana ta ce ita dai a cire, sauran tsakaninmu ne, mutanen Jega. Aka watse kafin magariba. Aka kawo wasa-wasa, wani abincinsu na garin doya mai kama da dambu, baƙi-baƙi, da mai da yaji. Na ci kaɗan. A ɗakin Yaya Asana na kwana.

Da gari ya waye duk suka dawo, Idirisu da awartaki da ɗan kwanon man kaɗanya. Kafin ya taɓa komai na ce Bala ya kira mini Garba, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Na gaishe shi, na gaya masa inda nake da abin da aka samu, ban rage ba. Na gaya masa ta hannuna tagulla ce. Na gaya masa abin da Alfa ya yanke da abin da maƙeri ya ƙiyasta.

"Inna ta taɓa sa ta?" in ji Garba.

"Kwana bakwai."

"Yaya, ki riƙe kawai. Ai ke..."

"Ba roƙo na kira ka ba," na ce. "Ciniki na kira ka. Kashi biyu naka ne, ina saye. Faɗi kuɗinka."

Na san Garba. In na karɓa kyauta, shi zai ji ya biya ni gonar da ɗan guntun ƙarfe, ni kuma in riƙa kallon hannuna ina ganin alherinsa. Ya yi ta haba Yaya, na ce ina jira, kuɗin waya na tafiya. Da ya ga ba zan sauka ba sai ya yi 'yar dariya, irin wadda yake yi tun yana ƙarami in zai tsokane ni. Ya ce tunda ciniki nake so, ya ji, ragona yake so. Ina da wani farin rago da nake kiwo a bayan ɗaki shekara biyu, da hannuna nake ba shi dusa, duk unguwa an san shi. Ya faɗa ne don in ce ya yi yawa, mu koma kan kyauta.

Idirisu ya girgiza kai. Bala ya ɗaga mini yatsu yana nuna ko rabin ragon kason bai kai ba. Na gani. Na fi su sanin kuɗin ragon nan.

"Na saya," na ce. "Ka sallama?"

"Yaya, wasa nake yi."

"Ni ba wasa nake yi ba. Ga liman, ga shaidu. Ka sallama?"

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce ya sallama. Alfa ya ce ya shaida, sauran ma suka ce sun shaida. Na ce Garba ya aika a kwance ragon yau, kada in dawo in same shi.

Sannan Yaya Asana ta ɗora hannunta a kan turmi da aka kifa. Fusena ta shafe shi da man kaɗanya. Idirisu ya sa tsumma tsakanin fata da ƙarfe, ya kama baki ɗaya da awartaki, Bala ya kama ɗayan, suka riƙa buɗewa a hankali, suna tsayawa in ta cije leɓe. An daɗe. Da ta fita, wurin ya bar zobe fari mai laushi kamar fatar jariri. Ta ɗaga hannun sama ta sauke, ta sake ɗagawa. Ta ce ya yi mata sakayau, kamar ba nata ba. Na ga idonta ya kawo ruwa, sai ta ce man kaɗanyar ne mai wari, mutanen yanzu ba su iya tacewa ba.

Na miƙa hannun hagu, don na dama yana da mai shi. Idirisu ya goge ta ya zura mini. Ta yi mini yawa kaɗan, tana gangarowa. Ya ɗauki awartakin ya ce bari ya matse bakin don kada ta faɗi a hanya.

Na janye hannuna. Na ce ya bar ta a buɗe, zan riƙa lura da ita. Wadda za ta cire ta bayana kada ta nemi maƙeri.